Rijiyar da Baffa Ba Ya Nunawa

Jiya a kasuwar Gaya wani baƙo ya tambaye ni inda rijiya take. Baffa ne ya faɗo mini a rai, ƙanen mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Shari'a ya karanta, kowa na jiran ya zama alƙali, sai ya bi ayarin Larabawa har Tarabulus. A can ya yi shekaru yana koya wa Nasara Hausa a wata makarantarsu. Tun da ya dawo gida Ajingi bai sake nuna wa baƙo rijiya ba. Zai ɗebo ruwan da hannunsa ya kawo, amma ba zai ce ga inda take ba.

Wata rana muna cirar gyaɗa a gonarsa ta Toranke, ƙamshin danyar ƙasa ya cika wurin, na ce, "Baffa, wannan ba rowa ba ce?"

Ya karkaɗe hannuwansa. "Ɗana, ni gaisuwa nake koya musu, su kuwa sai tambaya: rijiya nawa ce tsakanin Gaya da Kano? Ganuwa ƙofa nawa gare ta? Mai zuwa ziyara ba ya ƙirga ƙofofi."

"Kun faɗa musu?"

Ya sunkuya ya ci gaba da cira.

Bana fatake suna cewa Nasara sun hauro kogin Kwara, kuma suna jin Hausa. Allah ya haskaka kabarin Baffa. Mu kuma ya tsare mu daga ranar da za su yi mana sallama da Hausar da ya koya musu.