Ƙanena mai gyaran famfo da fitsarin 'yarsa

Ƙanena mai gyaran famfo ne, duk unguwa Sifana ake ce masa. Tun yana yaro bai iya ganin ruwa na ɗiga ya wuce ba. Ka gayyace shi cin abinci, kafin a zuba masa ya shige ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ƙafafunsa kawai za ka gani. Sau nawa na ce masa, "Kai dai Allah ya shirye ka, gidan surukai ma sai ka duba musu bututu?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure abinsa.

Sun daɗe da aure shi da matarsa kafin Allah ya ba su ciki. Haihuwar kuma ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. Yarinyar ta fito ba kuka, ba numfashin kirki. Aka samu ta farfaɗo, aka sa ta a kwalba a ɗakin jarirai, uwar tana can wani ɗaki ba ta ko gan ta ba.

Likitar, wata doguwa mai saurin magana, ta tare mu, ni da shi, a bakin ƙofar ɗakin jariran. Ta ce numfashi ya daidaita, yanzu ƙoda ce abin tsoro. In yarinyar ba ta yi fitsari ba, akwai matsala babba.

Sifana ya gyara tsayuwa. "Likita, a ina ya toshe? Sama ko ƙasa?"

Na zungure shi. "Kai, 'yarka ce fa, ba bahon wanka ba!"

Likitar ta ce in ƙyale shi, tambayarsa daidai ce. Ba toshewa ba ce. In jiki ya rasa iska, yana sakin wani sinadari, adinosin, shi ke matse jijiyar da ke kai wa ƙoda jini. Sun yi mata allurar tiyofilin, maganin da ke tare wurin da sinadarin yake kamawa. In ya yi aiki jijiyar za ta saki, jini ya shiga, ƙoda ta fitar da gishiri, ruwa ya biyo shi.

"To, rufe ruwan aka yi daga sama," in ji shi. "Bututun lafiya lau yake."

"Haka muke fata. Sai dai mu jira."

Wallahi ni jiran nan ya kusa kashe ni. Na yi kuka, na yi faɗa da mai gadi, na dawo na ba shi haƙuri. Shi kuwa ya kafe a jikin gilashin ɗakin, ya ƙi zama, ya ƙi cin abinci. Nas ta buɗe kunzugu, a bushe. Ta sake buɗewa, a bushe.

Washegari da hantsi nas ɗin ta sake zuwa. Ta buɗe, ta tsaya, ta ɗago kunzugun ta nuna mana ta gilashi. Ya jiƙe sharkaf, har da zanin da ke ƙasa! Ni dai guɗa na rangaɗa a tsakiyar asibiti, ko kunya ban ji ba. Likitar ta ce za su ci gaba da auna gishirin jininta kada ya yi ƙasa, amma ƙoda ta kama aiki.

Sifana bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Da gudu ya nufi ɗakin matarsa, ina biye da shi ina haki. Tana kwance ta juya fuska bango.

"Ta yi fitsari!"

Ta juyo a hankali. "Da yawa?"

"Har gado ta jiƙa musu."

Ta rufe ido, hawaye na bin kunnenta. Can ta kamo hannun rigarsa.

"To yanzu faɗa min," ta ce. "Da wa take kama?"