Ƙahon Kakanku da Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku.

Kakanku mai sayar da banda ne a kasuwar kifi ta Baga Road. Duk shekara idan zafi ya shigo, sai ya kira wanzami ya yi masa ƙaho a baya, a fitar da mataccen jini. A shekarar da nake ba ku labari cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya, likita ta ce hantarsa ta taurare. Ta hana shi gishiri da maganin gargajiya. Ƙaho kuwa ba wanda ya ambata, don a wurinmu kamar aski yake.

Wanzami ya zo da hantsi, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Da ya cire, jini ya ci gaba da tsiyaya. Ya danne da tsumma, a banza.

Ya ce, "Alhaji, kogin Ngadda ka haɗiye ne?"

Kakanku ya ce, "Kai dai askarka ce ta yi zari."

Dariyar ba ta daɗe ba. Zanen da na tare da shi ya jiƙe sharkaf, leɓɓansa suka yi fari. Muka sa shi a keke mai ƙafa uku sai asibiti, aka tsayar da jinin, aka ƙara masa wani.

Da aka yi hoton cikinsa, likitar ta ce akwai gudan jini da ya daskare a jijiyar da ke shiga hanta.

Na ce, "'Yata, jini ɗaya ya ƙi tsayawa a baya, ya kuma daskare a ciki?"

Ta ce, "Mama, hanta ce ke yin abin da ke ɗaure jini, ita ce kuma ke yin mai kwance shi. Duka sun ragu, abu kaɗan sai ya rinjaya gefe guda. Ko haƙori kada ya cire sai mun sani."

Har yau idan ina wanke hantar rago sai in tsaya ina jujjuya ta, ina mamakin ikon Allah.

Kakanku bai sake yin ƙaho ba. Ya ga auren babanku kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Likitar, na ji an mayar da ita wani gari. Wanzamin yana nan Gamboru, ya tsufa, kuma ba ya tsaga kowa sai ya buɗe idon mutumin ya duba ko ya yi rawaya.