Dariyata a Faifan Kawu Sanda

Ranar ɗaya ga watan Oktoba ce, shekarar da ƙasar nan ta cika hamsin da samun 'yancin kai, ina aji biyar a firamare. Mun gama fareti tun da hantsi, ƙafafunmu sun yi furu-furu, an raba mana shinkafa a leda, sannan aka kora mu aji mafi girma, inda aka toshe tagogi da tabarmi aka ɗora talabijin a kan teburin malami, janareta na ta gurnani a baya. Manyan gari suna gaba a kan kujerun roba, mu muna ƙasa a cunkushe, gwiwar wannan a bayan wancan. Mai gidan kallon unguwarmu ne ya kawo faifan, ya ce sabon fim ne na barkwanci daga tsallaken iyaka. Ba a jima ba ajin ya kece da dariya, har malamai suna riƙe ciki. Ni ma ina murmushi a cikin hijabina. Sai ga wata dariya ta fito daga cikin talabijin ɗin, ba ta ɗan wasa ba, ta wanda ke bayan kyamara, siririya mai shaƙewa a ƙarshe kamar an taka ɗan kwikwiyo. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a tasharmu ya san wannan dariyar. Tawa ce. Na ga ƙeyar Namata, sarkin tasha, ta sandare a kujerar gaba, sannan ya juyo a hankali yana bin fuskokin yara ɗaya bayan ɗaya. Fitsari ya kusa kufce mini.

Bari in koma baya kaɗan. Babana manomi ne, yana da fadama a bakin kogin Kwara inda yake noman tattasai da kuɓewa, kuma yana da in'ina tun yana yaro. A gida ba ma ko lura da ita. In kalma ta maƙale masa sai kowa ya ci gaba da abin da yake yi har ta fito. Amma duk ranar kasuwar Illo sai ya bi ta tasha da kwandunansa, kuma ba a lodi sai Namata ya ɗaga hannu. Shi kuwa ba zai ɗaga ba sai Baba ya faɗi inda za shi da bakinsa. Baba zai fara, harafin farko ya shaƙe masa wuya, jijiyoyin goshinsa su tashi, sai Namata ya karkace baki ya kama maimaita masa, yana buga ƙafa yana lumshe ido daidai yadda Baba ke yi, direbobi da 'yan kabu-kabu masu jigilar jarkoki suna ƙyaƙyatawa har da faɗuwa. Ni ina gefe da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, ina kallo. Baba bai taɓa tayar da maganar a gida ba. Zai dawo da la'asar ya wanke ƙafa, ya zauna a gindin rumbu yana tufkar igiyar jaki, ya tambaye ni abin da aka koya mana a makaranta. Ni kuwa in ina surfe, fuskar Namata nake gani a cikin turmi.

Kawu Sanda, ƙanen Innata, yana zaune a tsallaken iyaka, ƙasar Benin, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. In babu biki sai ya tara abokansa su kwaikwayi finafinan faɗa na Indiya da na Sin su mayar da su abin dariya: jarumi ya yi tsalle sama ya faɗo cikin kwata, bos ya zaro bindigar kara ta karye masa a hannu. A hutun daminar shekarar aka kai ni gidansa in taya matarsa da ta haihu, amma da na gama wanki da ɗebo ruwa sai in bi shi. Shi ya fara nuna mini cewa ban dariya ma sana'a ce da ake koya. Ya ce mai kwaikwayo ba ya ɗora wa mutum abin da ba shi da shi, abin da mutumin ke yi kullum yake ɗauka ya ɗan ja shi kamar roba. Ya koya mini in manne gwiwar hannuna a haƙarƙari kada hoto ya yi rawa, in ba rana baya, kuma kada in kashe kyamara da an gama faɗuwa, domin fuskar wanda ya faɗi yana kakkaɓe riga kamar ba abin da ya faru ta fi faɗuwar kanta ban dariya. "Mai riƙon kyamara ba shi dariya," in ji shi. "In kin ji tana zuwa, ciji mayafinki."

Wata rana ya zauna yana ƙorafin cewa bosawansa duk iri ɗaya ne, mutane sun fara gajiya. Na ajiye tsintsiya na ce ina da wani. Shekara biyu na yi ina haddace Namata ba tare da na san ranar amfaninsa ba, sai na tashi na yi shi a tsakar gida: yadda yake ɗage babbar riga a kafaɗar hagu sau biyu kafin ya yi magana, yadda yake tofar da goro ta gefen baki sannan ya leƙa ya ga inda ya sauka, yadda yake tura baƙin tabarau da ƙaramin yatsa, da jan takalmin dama in yana tafiya. Sannan na ba da abin da ni kaɗai na sani. Wata azahar da tasha ta yi tsit, ina bayan tankin ruwa ina shan inuwa, hawainiya ta faɗo daga darbejiya kan tabarmarsa, ya kurma ihu ya haye rufin mota ya bar takalmi ɗaya a ƙasa. Kawu ya daɗe yana kallona, ya ce mutumin nan akwai shi. Na rantse babu. A duk abin da ya faru, wannan rantsuwar ce kaɗai na yi wa istigfari.

A wani kango bayan kasuwarsu muka ɗauka. Kawu ya cusa filo a ciki, ya manna gemun auduga, ya zama bos, don haka ni aka miƙa wa kyamara. Ya kayar da ƙarti goma da ɗan yatsa ɗaya, sannan aka saki hawainiya ta taho tana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙasa, ya yi ihu ya ɗare amalanke. Har nan na daure, mayafina ya jiƙe sharkaf a bakina. Amma da ya sauko ya ɗage riga sau biyu ya tura tabarau, sai dariya ta ƙwace mini. Ya ce zai yanke ta wajen haɗawa. Bai yanke ba. Daga baya ya ce daɗi ta yi masa, kuma bai taɓa zaton faifan zai ƙetara iyaka ba.

Ranar da aka nuna fim ɗin a makaranta, ta ƙarƙashin tabarmar taga na sulale na gudu gida. Ranar kasuwa aka dawo da kwandunan Baba ba a loda ba, tattasai ya kwana uku a zaure ya narke, wari ya cika gidan. Yaran Namata suka fara ajiye babura a gaban ƙofarmu suna murza musu wuya, suna tambayar ƙannena ina mai gyaɗa. Fim ɗin kuwa ya riga ya fita daga faifai ya shiga wayoyi, ana tura shi daga hannu zuwa hannu, duk shagon cajin da ka wuce sai ka ji ihun Kawu. Wata safiya ɗaya daga cikin yaran ya tare ni a hanyar rijiya, ya sauke bokitin daga kaina, ya riƙa tsiyaye ruwan a kan ƙafafuna sannu a hankali har ya ƙare. "Maigida ya ce ki yi dariyan nan mu jiya," ya ce. Na ɗauki bokitin babu ko ɗigo na juya. Da na isa gida Inna ta kwaɗa mini mari, sannan ta rungume ni tana kuka, washegari da sassafe aka kwantar da ni a amalanke aka lulluɓe ni da harawa, sai ƙauyen Kaka, can wajen Geza.

Sati bakwai na yi a can. Lokacin girbi ne, dammunan gero sun cika gari, 'yan mata na gaɗa da yamma a dandali, ni ko ƙofar gida ban leƙa ba. Da na ji ƙarar babur daga nesa sai in tsinci kaina a bayan rumbu, ban san lokacin da na je ba. Na koma fitsarin kwance ina da shekara goma sha ɗaya, Kaka ta riƙa shanya tabarmata a bayan ɗaki kada kowa ya gani. Takan ce in roƙi Allah ya sanyaya zuciyar mutumin nan. Ina ɗaga hannu tare da ita, amma ba abin da nake roƙo ke nan ba.

Da hantsin wata Alhamis ina sheƙar gero sai ga Baba a kan keke, ƙura har gira. Ya sha ruwa, ya zauna, ya ba mu labarin da kansa. Ya ɗauki lokaci, ba wanda ya gaggauta shi. Ashe ranar kasuwar da ta wuce ya je tasha, ya cire hula, ya tsuguna gaban Namata don ya ba da haƙuri a madadina. Namata ya ce ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Kalmar ta maƙale, Namata ya karkace baki ya kama maimaita masa kamar kullum, ya gama ya dubi jama'a. Ba wanda ya yi dariya. Ya sake yi, shiru. Sai ya ɗage riga a kafaɗar hagu sau biyu zai yi magana, wani a bayan babbar mota ya kasa daurewa, tashar gaba ɗaya ta ɗauka, har yaran nasa suna ɓoye fuska a cikin hula. Wani direba ya zo ya ɗaga Baba, ya ɗauki kwandunansa ya loda bai jira hannun kowa ba. Kwana biyu bayan haka babura suka bar ƙofarmu, aka ce Namata ya tafi Dole Kaina wajen ɗan'uwansa.

Yanzu na gama sakandare, ina haɗa wa mutane gajerun bidiyon barkwanci a waya, abin da kowane yaro ya iya, a kalla yau a manta gobe. A wancan lokacin faifai ɗaya kan zaga gari kamar baƙo, ya yi wata ana zancensa. Har yau ban sake ɗaukar farantin talla ba. An ce Namata ya tsufa, ido ɗaya ya mutu, ana cewa in tausaya masa. Na duba zuciyata, ban samu ba. Abin da nake kewa shi ne hantsin nan, da ƙaiƙayi a gashin idona, da Baba yana kakkaɓe mazaunin kekensa da hula. Ba zan rubuta maganarsa yadda ta fito ba, kwaikwayon da aka yi masa ya isa. Cewa ya yi, "Ba mai taɓa ki, ɗiyata. Ɗauko kayanki mu tai gida."

Ban yafe ba, kuma ban nemi a yafe mini ba.