Wayar Baffa a Gonar Alkama

Asabar ce ta ƙarshen watan Janairu, wajen ƙarfe biyar na asuba, a kan wani ɗan tudu da ke bakin fadama a wajen garin Hadejia. Mu biyu ne, ni da Baffa, ƙanen mahaifina, sai rediyonsa a kan tabarma tsakaninmu. Tun a hanya ya sa na kashe salulata na bar ta a jikin babur. Ya ce ko a kashe take bai yarda da ita ba.

Baffa tela ne. Ya yi shekaru yana ɗinki a bakin kasuwa da rediyo a gefen keke, a nan abin ya kama shi. Ba labarai yake nema ba, kuma gajeren zango bai taɓa burge shi ba, don a cewarsa waɗannan tashoshi da kai suke, sun ɗaga murya ne musamman don ka ji. Shi matsakaicin zango yake bi, inda tasha ke magana da mutanen garinta kawai, ba ta san da zamanka ba, amma idan duhu ya yi sai muryar ta ƙetaro hamada ko teku ta faɗo maka. Bayan magariba yakan kama Larabawa da wasu ƙasashen Turai, kuma duk ya daɗe da sanin sunayensu. Guda ɗaya ce ta gagare shi.

Wannan ba ta zuwa sai lokacin sanyi, kuma sai dab da fitowar rana. Wani mutum ne mai kaurin murya yake magana a hankali, kamar wanda ke hira da marar lafiya, sannan ya sa kiɗa. Baffa ya yi shekaru da yawa yana jin sa, bai taɓa jin sunan tashar ba. Da na saurara sau ɗaya na ce masa harshen Fotugis ne, kuma bisa ga lokacin da take shigowa, daga Brazil take. Ya ce ƙasa na faɗa masa, shi kuwa sunan mai gidan yake so.

A cikin gari ba ta kamuwa kuma. Tun da fitilun sola da cajojin salula suka cika gidaje, duk inda ka murɗa a matsakaicin zango sai gurnani. Shi ya sa ya koma fadama. Ya bi masu naɗin injin ban ruwa ya tara wayar jan ƙarfe guntu-guntu, ya haɗa ta da dalma da hannunsa, ya ɗora ta a kan sanduna masu tsayin mutum. Ta tashi daga tudun, ta ratsa gonar alkamar babban ɗansa, ta ratsa gonakin maƙwabta biyu, ta ƙare a bakin kacalla, ciyawar nan da ta toshe rabin hanyoyin ruwanmu. Can ya kafa ƙarfe cikin laka ya ɗaure ƙarshenta. Idan ka fuskanci alƙibla a kan tudun, wayar ta bi ta bayan ƙeyarka ta miƙe, da haka ya auna ta. Masu gonakin ba su hana shi ba. Dariya kawai suka yi.

Abu biyu ne suka sa sanyin wannan shekarar ya bambanta. Kunnensa na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma yana bin sa, likita a Kano ya ce ba abin da za a yi. Sannan ni na gaya masa abin da na gani a labaran da muke fassarawa a wurin aiki, cewa gidajen rediyon Brazil suna ta barin matsakaicin zango suna komawa FM, wadda ba ta ƙetare ko jiha biyu, balle teku. Ko dai kunnen ya riga tafiya ko tashar. Shi ya sa ya aiko a kira ni. Na daɗe ina karanta labarai a gidan rediyo, na san kowace tasha takan faɗi sunanta idan awa ta cika, kuma ina iya tsinto kalma a cikin hayaniya. Abin sauraren da yake sawa a kunne mai kai biyu ne, shi kuwa kunne ɗaya ya rage masa, sai ya ba ni ɗayan. Ya kafa mini sharaɗi.

“Shaida na kira ka, ba tafinta ba. In ka riga ni ji, ka riƙe bakinka.”

Tashar ta shigo a wannan asubar. Da fari kamar ana magana a cikin rijiya, sai ta riƙa tasowa. Muka cire abin sauraren muka yi sallah a kan tudun, muka mayar. Ƙarfe shida na gabatowa kiɗan ya tsaya, aka kaɗa wata ’yar ƙararrawa, mutumin ya ja numfashi ya faɗi kalmar rediyo, wadda kusan ko’ina ɗaya ce, daga nan muryar ta nutse. Da ta dawo ya riga ya shiga wata maganar. Haka matsakaicin zango yake, yana hawa yana sauka, ba ruwansa da abin da kake jira.

Baffa bai ji haushi ba. Fuskarsa ma a sake take. Ya ce bai taɓa kaiwa nan ba, wayar ta zauna daidai, abin da ya rage kawai a yi ta zuwa har a dace. Na koma bakin aiki da alkawarin zan dawo.

Kafin in dawo abubuwa biyu sun faru. Zaman raɓa ya kwantar da Baffa da tari, iyalinsa suka hana shi fita na wasu kwanaki. A cikin kwanakin kuma jan-baki ya sauka.

Wanda bai zauna a yankinmu ba zai ɗauka ƙaramin tsuntsu ne kawai. A kacalla yake kwana, gari na fara wayewa ya taso kamar hayaƙi, kuma idan ya samu alkama tana nono, kafin hantsi ya gama da gona. Maganinsa a wurinmu ɗaya ne. A ja igiyoyi a kan gona, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki da tsummokan leda, mutum ya hau rumfa yana fizga yana ihu daga wayewar gari har rana ta yi zafi. A irin wannan lokaci duk abin da aka miƙa a saman gona na korar tsuntsu ne. Ba a tambayar mai shi, kamar yadda ba a tambayar mai guga idan gobara ta tashi.

Da na dawo muka isa tudun da asuba, ni da Baffa, na haska tocila sai na ga gwangwani a rataye a kan wayar, taku kaɗan daga inda muke shimfiɗa tabarma. Na bi ta da haske. Har inda hasken ya ƙare gwangwanaye ne da ledoji, kuma an ɗaura mata igiyoyi ta gefe da gefe, kowace ta nufi wata rumfa. Sun mayar da ita uwar igiya.

Daga rumfa mafi kusa aka yi mana sallama. Maƙwabcin Baffa ne, wani dattijo Babarbare mai gona ta biyu. Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake ba shanu ba harshe, don haka wasa ne tsakaninsu tun suna samari.

“Bawana, ka warke? Ka ga kiwon iskar da kake yi ya haifi abin kirki.”

“Wa ya ce ku taɓa mini waya?”

“Kayan bawa ai na ubangijinsa ne. Ba mu cire ta ba, ba mu yanke ta ba. Ka ji mutanenka, mu ma mu kori namu. Har ta fi igiya amo.”

Da gaske yake, bai ga abin da ya ɓata ba. A wurinsa waya tana nan a miƙe, an dai ƙara mata aiki.  Baffa ya zauna ya haɗa rediyo.

Abin takaicin shi ne tashar ta zo a ranar fiye da yadda na taɓa jin ta. Har tarin mutumin na ji. Muka yi sallah, gabas ta fara fari, Baffa ya dafe abin sauraren a kunnensa da tafin hannu ya sunkuyar da kai. Saura kaɗan awa ta cika wani ya hango duhun tsuntsaye na farko ya taso daga kacalla, ya yi ihu, rumfunan suka ɗauka gaba ɗaya. Gwangwanayen suka kaure a saman kanmu. Duk fizga ɗaya kuma sai mahaɗin wayar ya yi ƙara a cikin kunne kamar ana karya kara. Na toshe ɗayan kunnena da yatsa, ban ji ko ƙararrawar ba. Baffa ya daɗe a sunkuye bayan lokacin ya wuce, sannan ya kashe rediyon ya naɗe igiyarsa a hankali.

A hanya ya ce zai yi musu magana da yamma, su sauke gwangwanayen su mayar kan igiyarsu, ko kuma su yi masa haƙuri na ɗan lokaci idan shida ta kusa. Na san na biyun ba zai yiwu ba, don lokacin da yake so shi ne lokacin da tsuntsun ke tasowa. 

Bai samu ya yi maganar ba. Bayan sallar magariba a masallacin unguwa, kafin a watse, dattijon nan Babarbare ya miƙe. Wannan karon ba wasa a bakinsa. Ya ce yana roƙon jama’a su yi wa maƙwabcinsa addu’a, domin tun kafin tsuntsu ya sauka Allah ya nufe shi da ja musu waya a kan gonaki uku, da ba don ita ba da ba su san yadda za su yi ba a asubar farko. Liman ya yi addu’a mai tsawo, ya roƙa wa Baffa ladan sadaka mai gudana, aka shafa. Mutanen da suka yi shekaru suna ce masa mai sauraren aljanu suka zo suna miƙa masa hannu. Ina kallonsa yana cewa amin, yana karkato da kunnen dama don ya ji abin da kowa ke faɗa.

A zaure na ce bari ni in yi musu bayani. Ya ce bayanin me, an riga an shafa. Abin da aka yi wa mutum addu’a a kansa a gaban jama’a ya bar hannunsa, in ya je ya karɓo, ya zama wanda ya ba da sadaka ya biyo ta. Babban ɗansa yana wurin, ya durƙusa ya ce, “Baba, a yi haƙuri. Ana yanke alkama zan cire su da hannuna.” Baffa ya ce Allah ya kai mu. Dukanmu mun san idan aka yanke alkama zafi ya shigo, kuma zafi na shigowa tsawar hadarin kudu take cika zangon da ƙara, tashar ba ta sake bayyana sai wani sanyin.

Kashegari na shiga kasuwa na sayo igiyar roba mai yawa na kai wa ɗan, ba tare da Baffa ya sani ba. Na ce ga madadi. Ya yi godiya ƙwarai. Da na koma fadama kafin in tafi, na tarar sun ɗaura ta a jikin wayar sun ja ta zuwa gona ta huɗu.

Na sha karanta labarin ɓarnar jan-baki a rediyo, da muryar da aka koya mana, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Na san abin da gonar alkama take nufi ga gida mai baki goma sha, kuma ban taɓa cewa da an bar tsuntsu ya ci don dattijo ya ji sunan wata tasha ba. Da sun zo sun tambaye shi, na tabbata da ya ba su, ko ya ce su ba shi asuba ɗaya ya cire abarsa ya kai wani wuri. Ba wanda ya yi tunanin tambaya, domin ba wanda ya taɓa ɗauka cewa abin da yake yi a kan tudun nan wani abu ne. Shekara da shekaru suna gaishe shi da sanyi idan ya dawo, ba wanda ya taɓa cewa me ka ji yau.

Ya ƙara zuwa sau biyu ko uku shi kaɗai, sannan ya daina. Alkamar ta tsira, gidaje huɗu suka yi girbi mai kyau, kowanne ya aiko masa da kwano. Ɗansa ya cika alkawari ya cire gwangwanayen, amma wayar ta riga ta tsinke a wurare da yawa an ƙulla da igiya, sai masu gonakin suka raba guntayen suka ajiye don tsaron shinkafa.

Da damina na samo masa sabuwar waya a Kano, doguwa ba mahaɗi, na kuma yi magana da wani mai fili can nesa da gonaki. Ruwa bai gama janyewa daga fadama ba kunnensa na dama ya rufe. Tun daga ranar, da hannu ake yi masa magana a gida.