Tsohuwa a Gaban Masu Jita

Kowace Asabar, a kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Novi Sad, Milutin mai kaset yakan kunna wani tsohon bidiyo don jawo masu saye: makaɗa huɗu masu gashi har kafaɗa, jita tana kururuwa, filin ƙwallo cike maƙil. Kowace Asabar kuma wata tsohuwa takan zo ta tsaya gaban talabijin ɗin, sanye da baƙaƙen kaya, ɗankwalinta ya koɗe, jakar tattasai rataye a hannunta. Ko sunanta bai sani ba.

Makaɗan ba sa gabanta. Tana nan tana yamutsa fuska har kyamara ta juya kan 'yan kallo, ta faɗa kan wani saurayi ba riga, bisa kafaɗar abokinsa, baki buɗe. Kafin ƙiftawar ido ya wuce. Sai ta yi alamar gicciye, ta shafi gilashin da yatsa.

An ɗauki bidiyon ne ana saura 'yan watanni a fara yaƙin da ya ci samarin ƙasar da yawa, don haka Milutin bai taɓa tambayarta ko wane ne saurayin ba. Mayar da kaset ɗin baya kawai yake yi.

"Iya, wannan hayaniya ba ta fasa miki kunne?"

"Kiɗan banza ne, ɗan nan. Ƙara mayarwa."

Yau dai ya zare kaset ɗin ya miƙa mata. "Tafi da shi gida, kyauta."

Ta ture hannunsa a hankali. "A gida hoton ɗana yana bango, shiru, shi kaɗai. Bar min shi nan cikin mutane, yana ihunsa."