Wa zai buɗe mana farashi gobe?

Ina tura babur zan fita kasuwa da safen nan salula ta yi ƙara. Daga Tsibiri ne. Alhaji Nomau ya rasu bayan sallar asuba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun kai shi, na dawo gida unguwar Zariya nan Maraɗi, amma na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito zaure, in koma. Maiɗakina ta kawo abinci sau biyu ta mayar. Shi ya sa na ɗauki wayar nan, ko in na rubuta zan samu sauƙi.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Alhaji Nomau shi ne babbanmu a layin ƴan canji na kasuwar Maraɗi. Naira da sefa muke juyawa. Tun ina saurayi teburina na kusa da nashi. A layinmu ba mai taɓa ciniki da safe sai ya iso bisa tsohon ƙaramin babur ɗinshi, mobilet, ya zauna, ya saurari mutanen da suka kwana Jibiya da Katsina, sannan ya faɗi yadda naira ta kwana. Shi ne buɗe farashi.

Kuma da ƙarfi yake faɗi. Mu sauran mun fi son mu danna a na'ura mu nuna wa mutum shi kaɗai. Shi kuwa har mai tallan kunu da ke wucewa sai ta ji. Muna mishi tsiya muna cewa Alhaji ladan ya kamata ya zama.

Tsohuwa ta kawo takardar kuɗi da ta yage, kowa ya ƙi karɓa, shi zai zauna ya liƙe ta ya canza mata. Randar ruwan sha da ke ƙarƙashin iccen bedi na layinmu, shi ya sa ta, shi ke biyan mai ruwa.

Amma ba wannan ke hana ni zama ba.

Manya za su tuna shekarun da aka fara siyasar jam'iyyu. Ma'aikata na wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, bankin da mutane suka amince da shi ya rufe ƙofa da kuɗinsu ciki. Ana cikin haka aka wayi gari an karya darajar sefa, an raba ta biyu. Mu masu rediyo mun ji. Mutanen ƙauye ba su ji ba.

Kun gane abin da wannan ke nufi a tebur irin namu. Duk wanda ya shigo da naira bai ji labari ba, zai ba ka ita a farashin jiya, ka ci rabin dukiyarshi yana maka godiya. Wallahi ranar ban yi karin kumallo ba don sauri.

Alhaji ya iso, ya zauna bisa akwatinshi, ya ƙi buɗe farashi. Ya ce ba wanda ya san inda naira take yau, ko shi, don haka a jira.

Sai ga wata baiwar Allah daga Jiratawa, mai noman lambu. Mutanen Najeriya sun saye mata tumatir da zogale na kakar gaba ɗaya, sun biya ta da naira, ta ƙulle a bakin zane. Na yafuto ta. Har ta fara kwance ƙullin.

Daga inda yake zaune ya ɗaga murya:

"Inna, mayar da kuɗinki. An taɓa sefa jiya. Ki dawo jibi, abin da ke hannunki ya fi abin da za a ba ki yau."

Ta dube ni. Wannan kallo har yau ina ganin shi.

Na tashi na zazzaga mishi rashin kunya a gaban jama'a. Na ce ba ɗan kasuwa ba ne shi, na ce tsufa ya fara taɓa shi, alhali lokacin ko furfura bai yi ba. Na faɗi abin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Shi kuwa sai ya aika aka kewaya tasha ana gaya wa masu sauka daga mota abin da ya faru.

Wasu layukan sun ci ribarsu ranar. Bayan wata ɗaya ba mai zuwa wurinsu. Mu kuwa mutanen ƙauye har yau layinmu suke tambaya, kuma da wannan sunan na gina gidan da nake ciki.

Washegarin wannan rana Alhaji ya miƙo mini goro kamar ba abin da ya faru. Na karɓa. Shekaru sun shuɗe ina karɓar goron nan, ban taɓa buɗe baki na ce Alhaji ka yafe mini ba. Kullum sai in ce gobe.

Sati biyu da suka wuce na je duba shi Tsibiri, da niyyar in faɗa. Yana kwance ya rame. Ina zama ya tambaye ni nawa naira ta kwana. Na gaya mishi a hankali, don kar in dame shi. Ya yi murmushi.

"Har yanzu raɗa kake, Sanusi? Ɗaga murya. Ba kai kaɗai ke da kunne ba."

Muka yi dariya. Baƙi suka shigo, na ji nauyi, na yi sallama. Na ce a raina zan dawo Juma'a.

Ban koma ba.

Ɗazu a bakin maƙabarta mutanen layinmu suka ja ni gefe, suka ce ni ne babba yanzu, gobe ni zan buɗe farashi. Ni. Yaran ba su san labarin nan ba, shi ya sa na rubuta, su sani kafin su zauna suna jiran bakina.

Allah ka jiƙan Alhaji Nomau, ka haskaka kabarinshi, ka ba iyalinshi haƙuri. Yadda ya ƙi bari a cuci wanda bai sani ba, Allah ka rufa mishi asiri ranar da babu abin da zai ɓoyu.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mishi addu'a. In kun gama ku sa ni ciki: Allah ya sa ya yafe mini tun kafin ya tafi, don ni ban tambaye shi ba.