Akwatin Rubutun Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koyar da Hausa a firamare har ya yi ritaya, ya koma gidansa na Kusada. Da zaman ya ishe shi sai ya ce zai rubuta labarin rayuwarsa, tun daga kiwon awaki a Bauranya har zuwa shiga aji. Babban ɗansa ya aiko masa da laftof na gwanjo. Ni kuwa a lokacin na gama karatun kwamfuta na dawo Kankiya, ina rubuta wa mutane ƙananan manhajoji, don haka duk abin da ya ƙi kunnuwa a dangi, ni ake nema.

Da damina ya aiko a kira ni. Na hau mota daga tasha, gero ya yi kore shar hagu da dama, na same shi a zaure a kan tabarma, laftof a bisa turmin da aka kifa.

"Ɗiyata, wannan abu bai iya Hausa ba," in ji shi. "In rubuta ƙafa shi ba ni kafa. In ce baƙi sun zo, shi ce baki. Ni da na yi rayuwata ina jan kunnen yara kan lanƙwasar harafi?"

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma da ƙyar ya faɗe shi. Hannunsa na dama ya fara rawa. Wani lokaci yatsa kan zame, rubutu ya yi shuɗi gaba ɗaya, kafin ya ankara ya taɓa wani madanni, aikin safiya ya tafi.

Na ce masa ya ba ni lokaci. Na san zan iya. Na gina masa manhaja mai sauƙi: taga guda, babban akwatin rubutu, manyan haruffa. Da farko madannai na tsare. In ya buga k ya bi ta da waƙafin sama, sai ta koma ƙ, haka d da b. In rubutu mai yawa ya yi shuɗi aka danna madannin gogewa, sai manhajar ta ƙi. Na kai masa, ya gwada, ya yi murmushi, ya sa aka dafa mini gyaɗa.

Ba a jima ba ya kira ni a waya, murya a sama. Wannan karon da linzamin kwamfutar hannun ya zame, ya zaɓi "yanke" daga jerin umarni, babin makarantar horon malamai ya ɓace. Madannai na tsare, ɓarnar kuwa ta biyo ta wata ƙofa. Allah ya taimaka akwai kwafin jiya.

Ban tsaya toshe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya ba, don na san ba za su ƙare ba. Na zauna na karanta yadda kayan gina tagogin nan suke aiki daga ciki. Kowane abu da ake gani a allo, akwati ne ko maɓalli, yana da sunansa, kuma da wannan suna ake aika masa umarni. Ko daga madanni abin ya taso, ko daga linzami, ko daga jerin umarni, in ya iso ga akwatin rubutu magana biyu ce: saka wannan, ko goge wancan. Sai na sauya wa akwatin suna a ɓoye, na ɗora nawa ɗan shirin a kan tsohon sunan. Daga nan duk umarnin da aka aika wa akwatin, hannuna yake fara faɗowa. Wanda ba ruwana da shi in miƙa shi yadda ya zo. Na sakawa in duba haruffa in gyara. Na gogewa kuwa, in rubutun ya yi yawa, in kwafe shi in sa a wata ma'ajiya a gefe, sannan in bar shi ya wuce.

Ban sa manhajar ta riƙa tambayarsa ko ya tabbata ba. Na san Kawu. Mutumin da bai yarda sufeton makarantu ya gyara masa jadawalin darasi ba, ba zai yarda na'ura ta yi masa tambaya ba. Maɓalli guda na ƙara, na rubuta masa "Maido".

Da na koma Kusada na yi masa bayani, ya saurara yana shafa gemu.

"Wato ɗan kamasho kika sa mani," ya ce. "Irin na bakin titinku na Kankiya. Fasinja bai kai ga mota ba sai ya bi ta hannunshi."

"Haka ne, Kawu. Sai dai wannan ba ya ja maka jaka."

Ya yi dariya har da tari. Ya shafe shafi guda da gangan, da linzami, yana kallona ta gefen ido. Ya danna Maido, shafin ya dawo. Ya sake yi ta wata hanyar, ya dawo. A ranar ya kama mini kuskure guda: ya rubuta 'ɗaya tak' a cikin alamar zance, manhajar ta mai da shi taƙ. Nan take na gyara, na ce in harafin yana ƙarshen kalma a bar shi.

Aiki ya tafi daidai har kaka. Ranar da na kai masa ziyara ana yankan gero, na tarar ya rufe laftof ɗin ya ɗora hularsa a kan murfin. Bayan gaisuwa ya ce, "Abin da na shafe, yana nan ciki ko?"

"Yana nan, Kawu. Duk wanda ya wuce 'yan layuka."

"To akwai wanda ni na shafe shi, ba hannuna ba."

Ya gaya mini ya rubuta babi a kan rashin lafiyar matarsa, marigayiya, wadda muke kira Inna. Ya rubuta komai, har maganganun da suka yi su biyu a asibiti. Da ya karanta sai ya ga ba na jama'a ba ne, ba ma na 'ya'yansa ba. Ya goge, amma ya kasa sakewa, don ya san abin yana kwance a wani lungu, duk wanda ya danna maɓalli zai gani.

"Kin tsare ni daga rawar hannu, na gode. Amma abin da na yi niyya, a bar mani shi."

Gaskiyarsa ce, kuma gyaran ba wuya, tunda duk umarni ta wurina yake bi. Na buɗe shirin a gabansa na ƙara hanya ta uku: in ya buɗe ma'ajiyar ya zaɓi abu, ya rubuta kalmar "tabbas" da hannunsa, umarnin gogewa zai wuce kai tsaye, ba kwafi, ba ajiya. Rawar hannu ba ta rubuta kalma.

Na juya masa laftof ɗin don kada idona ya sauka a kan rubutun, na tashi na shiga cikin gida wurin matar wani ɗansa da ke zaune da shi, muka hau gyaran zogale. Da na fito ya mai da hularsa kai, yana buga babin da ya biyo baya da yatsa ɗaya, na shekarar da aka tura shi koyarwa Sukuntuni. Na gane ya gama da wancan. Ya dai ce in ƙara masa girman haruffa kaɗan kafin in tafi, na ƙara, na yi masa sallama na nufi tasha.